Karayar ƙashin wuya na biyu ga dattijo: tiyata ko kwala?

Assalamu alaikum, abokan aiki. Dattijo ne ɗan shekara 68 a nan Sakkwato, ya faɗo daga kabu-kabu. Hoton CT ya nuna haƙorin ƙashin C2 (ɗan tsinin da ke saman ƙashin wuya na biyu) ya karye daga gindi, wato karaya nau'i na 2, ya goce baya milimita 6. Hannu da ƙafa na motsi, fitsari lafiya.

Gocewa fiye da milimita 5 a shekarunsa, da wuya kwala (abin da ake ɗaura wa wuya don hana shi motsi) kaɗai ta haɗa ƙashin. Halo kuwa (zoben ƙarfe da ake kafa wa kai, haɗe da rigar ƙirji) tana iya jawo wa tsofaffi ciwon huhu, ga zafin garin nan. Ƙashinsa ya yi laushi, sukurun da ake sakawa ta gaban wuya a tiyata ba zai kama ba.

A yi tiyata a haɗe C1 (ƙashin wuya na farko) da C2 ta baya, ko kwala mako 12? 'Yan'uwansa har sun fara zancen mai ɗori.