Muhawara: Kabarin Sarki Nintoku ne da gaske, kuma me ya sa aka hana tona shi?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar da na kawo yau a kan katafaren tudun nan ne na birnin Sakai, a lardin Osaka na ƙasar Japan. Tsawonsa mita 486, gwalalo uku cike da ruwa sun kewaye shi, wanda ya hango shi daga jirgin sama kuwa zai ga siffar ramin da ake zura mukulli. Irin waɗannan kaburbura, da Japanawa ke kira kofun, sun kai kimanin 160,000 a ƙasar, amma wannan ne ubansu. Hukumar da ke kula da harkokin fadar sarkin Japan ta ce kabarin Sarki Nintoku ne, na 16 a jerin sarakunansu, kuma a 2019 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da maƙwabtansa na yankin Mozu, inda yake, da na yankin Furuichi. Ni dai a ganina babu hujjar da ta tabbatar Nintoku ne ke kwance a ciki, kuma hana masana tona shi ɓoye tarihi ne da sunan kare shi.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam Malam. Tun daga farko ban bi ka ba. Kabari fa kake magana. Zuriyar mai kabarin suna nan da ransu, har gobe fada tana aika wakilai su yi addu'o'insu na gargajiya a ƙofar wurin. Mu da addininmu ya koya mana cewa karya ƙashin mamaci kamar karya na mai rai ne, da wane baki za mu ce a kai cebur kan kakan wasu don kawai muna son sani?

Malamin Tarihi: Hajiya, ai maganar taki ta tsaya ne a kan cewa kakansu ne, ni kuma nan ne nake da ja. Littattafan da suka ba da labarin Nintoku an rubuta su ne a 712 da 720, kusan shekara 300 bayan an tara wannan ƙasa. Rabon sunayen sarakuna ga kaburbura kuwa, yawancinsa a ƙarni na 19 aka daidaita shi, ƙarshen mulkin Tokugawa da farkon zamanin Meiji, lokacin da ake neman ɗaga darajar gidan sarauta. Ga kuma abin da ya fi damuna. A kusa da wannan tudu akwai wani, Kamiishizu Misanzai, wanda hukumar ta ce na Sarki Richu ne, ɗan Nintoku. Masana sun duba haniwa, wato tukwane da mutum-mutumin yumɓu da ake jerawa a kan kaburburan, suka ga na ɗan sun girmi na uban. Yaya za a yi ɗa ya gaji sarauta amma kabarinsa ya riga na mahaifinsa? Shi ya sa tun shekarun 1970 masanin nan Mori Koichi ya nemi a daina kiransa da sunan sarki, a kira shi Daisen, sunan wurin, kuma littattafan makarantu da dama sun bi shi.

Auta: Baba Malam, tambaya gare ni. Ba a taɓa ganin abin da ke ciki ba ko sau ɗaya?

Malamin Tarihi: An ɗan gani, 'yata. A 1872 wani sashe na gaban tudun ya buɗe, aka tarar da akwatin gawa na dutse, da sulke, da takobi, da kwanon gilashi. Aka zana su a takarda, aka mayar da ƙasa aka rufe. To amma wancan ba shi ne ainihin makwancin ba, babban yana can cikin zagayayyen ɓangaren baya.

Injiniya: Malam, da girmamawa, hujjarka a kan suna tana da ƙarfi, ba ni da abin cewa a kai. Inda muka rabu shi ne tonon. Ka tuna kabarin Takamatsuzuka da ke Asuka, a lardin Nara. A 1972 aka buɗe shi, aka ga zanen mata da tufafi masu launi a jikin bango, ƙasar duka ta ɗauka. Zanen da ya yi shekara wajen 1,300 lafiya lau a cikin duhu, da iska da ɗumin jikin mutane suka shiga sai fumfuna ta kama shi, layukan suka fara dushewa. A 2007 dole aka kwance ɗakin dutsen gaba ɗaya, aka kwashe duwatsun zuwa wurin gyara. Wannan fa a Japan ne, ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko ƙwararru ba, kuma ɗan ƙaramin kabari ne. Daisen kuwa, kamfanin gine-gine na Obayashi ya taɓa ƙiyasta cewa da kayan aikin wancan zamani, mutum 2,000 a kullum sai sun yi shekara 15 da wata 8 kafin su gama shi. Tono ba ya maimaituwa. Ƙasar da ka ɗaga ka ɗaga ta ke nan, idan ka yi kuskure babu mai gyara maka. Gara a jira na'urorin da za su leƙa ciki ba tare da an fasa ba.

Hajiya Babba: Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Kuma in ba don wannan tsaro da Malam ke kuka da shi ba, da wa ya san abin da ya rage? Sama da kaburbura 100 ne a Mozu a da, yanzu saura 44. Sauran gidaje da tituna sun cinye su, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Malamin Tarihi: Wannan gaskiya ne Hajiya, amma ki duba wanda ya ceci tudun kabarin Itasuke, a nan Mozu ɗin. A 1955 an riga an fara gina gada a kan gwalalonsa don motoci su shiga su kwashi ƙasa. Malaman makaranta, ɗalibai da mutanen gari ne suka tashi tsaye, birnin Sakai ya sayi filin, a 1956 gwamnati ta ayyana shi wurin tarihi na ƙasa. Ba fada ce ta kare shi ba, dokar kayan tarihi ce da jama'a. Ke nan akwai hanyar kariya da ba sai an kulle ƙofa an hana kowa sani ba.

Misalin da ya fi ƙarfi ma shi ne na Sarki Keitai. Hukumar fada ta ce kabarinsa shi ne Oda Chausuyama a birnin Ibaraki. Yawancin masana kuwa sun ce wancan ya girmi zamanin Keitai, na gaskiyar shi ne Imashirozuka da ke Takatsuki, tafiyar ƙafa kaɗan daga can. Da yake Imashirozuka ba ya hannun fada, birnin ya yi bincike a kansa daga 1997, aka sami dandali guda na haniwa: gidaje, mayaƙa, 'yan kokawa, dabbobi, duk a jere kamar ana bikin binne sarki. Yau wurin shaƙatawa ne, yara suna hawa tudun. Kabarin da ake kyautata zaton na sarkin ne a buɗe yake, wanda ake shakka a kansa shi ne a kulle ana yi masa addu'a. Hajiya, wace alfarma aka kare a nan?

Hajiya Babba: Ni abin da ka faɗa ya ƙara tayar mini da hankali ne, Malam. Yara suna tattaka kan mamaci, kai kuma kana ƙirga shi a nasara. Idan sun yi kuskure a wurin, sai su gyara su mayar da girmamawar inda ta dace, ba a buɗe sauran ba.

Auta: To Hajiya, ta yaya za su san inda ta dace ɗin idan ba a bincika ba?

Injiniya: Tambayarki ta yi, ƙanwata, kuma ƙofar ba a rufe take ruf ba kamar da. A 2008 an bar wakilan ƙungiyoyin masana sun shiga gindin Gosashi, wani kabarin da ke hannun fada a Nara, a 2013 suka shiga wani makamancinsa, Hashihaka, duk da cewa zagayawa kawai suka yi, ba tono, ba ɗaukar komai. A 2018 hukumar fada ta haɗa hannu da birnin Sakai suka haƙa ramuka a kan ganuwar ciki ta Daisen, suka sami jerin haniwa da daɓen duwatsu. Yumɓun da ke gefen tudu ya isa ya faɗi shekarun gininsa, ba sai an taɓa gawa ba.

Malamin Tarihi: Na yarda a tsaya a gefe, Injiniya, ban ce a fasa akwatin gawa gobe ba. Amma wurare kusan 900 ne a hannun wannan hukuma, kuma duk da abin da aka gano a Imashirozuka ba ta sauya sunan da ta rubuta a Oda Chausuyama ba. Sharaɗinta shi ne sai an sami rubutu da sunan mamacin, alhali mutanen ƙarni na 5 da na 6 a Japan ba sa sa irin wannan rubutu a kaburburansu. Idan gwajin yumɓu ya nuna tudun bai dace da zamanin sarkin ba, a yarda a cire sunan daga allon da ke ƙofa. Hajiya, ko wannan ma kina da ja a kansa?