Agogon hannu ya ƙi karɓar lambar sirri: wa ya taɓa shiga wannan?

Malamin firamare, yankin Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana da ke aiki a Kano ya canza waya, ya bar min tsohuwar iPhone ɗinsa da Apple Watch. Ya cire asusunsa, na sa nawa, na zaɓi lambar sirri mai alƙaluma huɗu. Wata biyu ban ƙara danna lambar nan ba, domin da na buɗe wayar shi ma agogon yake buɗewa. Shekaranjiya na bar wayar wurin mai caji, na cire agogon na yi alwalar azahar, da na mayar sai ya nemi lamba. Na gwada shekarar haihuwata, na gwada ƙarshen lambar wayata, duk bai karɓa ba, har ya ce in jira. Yanzu in waya na kusa yana buɗewa, amma in na je canza lambar sai ya nemi tsohuwar. Ina tsoron taɓa wani abu in ɓata kyautar Yaya. Wanda ya taɓa fuskantar haka ya taimaka.

Mai cajin waya, Gumel:
Wa alaikumus salam Malam. Da farko dai ka daina cinke. Akwai wani saiti a cikinsa, in a kunne yake, aka danna lamba ba daidai ba sau 10, agogon da kansa zai share komai. A teburina na ga haka: wani ya kawo nasa caji, ƙaninsa ya ɗauka yana wasa da shi, kafin a ankara ya koma kamar yanzu aka fito da shi daga kwali. Tun ranar, agogon da aka kawo min a cikin akwati nake kulle shi.

Ma'aikaciyar lafiya, Dambatta:
Malam, tunda wayarka na hannunka, ai naka mai sauƙi ne. Shiga manhajar agogon da ke cikin wayar, ka zaɓi a raba su. Ba zai tambaye ka lambar agogo ba, kalmar sirrin asusunka na Apple zai nema. Kafin ya raba su yana adana bayananka a wayar. In ka sake haɗawa sai ka zaɓi a dawo da abin da aka adana, ya ba ka dama ka sa sabuwar lamba. Ni na yi, fuskar agogona da saituna duk sun dawo.

Tawa matsalar daban ce, kuma ta fi cin rai. Na so in kashe lambar gaba ɗaya, domin a wurin aiki muna yawan wanke hannu, amma wurin kashewar ya dushe, ko na danna ba ya motsi. Na kusa mako ina zaton lalacewa ya yi. Ashe imel ɗin aiki da aka sa min a waya ne ya zo da sharaɗin dole a sa makulli, sharaɗin kuma ya bi agogon. Ban ga laifinsu ba, akwai bayanan mutane a ciki. Na haƙura na bar lambar.

Ɗan kasuwar dabbobi, Maigatari:
Hajiya ta gama magana in mutum yana da kalmar sirrin asusun. In babu fa? Ni na ɗanɗana. Wata Alhamis bayan an tashi kasuwa na sayi na hannu wurin wani baƙo, a kulle, ya ce ai gogewa kawai za a yi. Yaron da ke min gyara ya ɗora shi a caji, ya danne maɓallin gefe, sannan ya danne ɗan kan nan da ake murzawa, sai ga wurin gogewa ya fito. Ya goge tas, na yi murna. Da muka zo haɗa shi da wayata sai ya nemi asusun mai shi na farko. Na ɗauke shi takanas zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, mutum uku suka duba, duk bakinsu ɗaya: sai mai asusun ya cire shi da kansa. Baƙo kuwa ko sunan garinsu ban tambaya ba. Yana nan a durowa. Ni da ba na sayen akuya sai na duba haƙoranta, abin nan har yau yana min ciwo.

Uwargida, Kazaure:
Ni nawa kullewa yake ta yi alhali yana hannuna. Bikin ƙanwata aka yi min baƙin lalle har wuyan hannu, daidai inda agogon ke zama. Ɗan hasken da ke bayansa da shi yake gane yana jikin mutum, da ya daina ganewa sai ya ɗauka an cire shi. Na mayar da shi hannun da zanen bai kai wurin ba, shi ke nan. Wanda nasa ke yin haka ya duba ko igiyar ta yi sako-sako, ya kuma goge bayan agogon, musamman da hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Ɗalibi, Wudil:
Na Samsung nake ɗaurawa, shi zane na sa maimakon lamba. Na manta, dole aka goge shi gaba ɗaya, kuma ban taɓa adana komai ba, lissafin tafiyata na watanni ya tafi. Ƙarin abu ɗaya: bayan alwala a share yatsa ya bushe kafin a danna. Gilashin ƙarami ne, jiƙaƙƙen yatsa yana taɓa lambar da ba ita aka nufa ba, mutum ya yi ta rantsuwa daidai ya sa.

Mai cajin waya, Gumel:
Malam, kada ka fara a ƙauye in sabis ɗinku na ɗaukewa. Haɗawar tana son intanet, wani lokaci ma sai ya ce a sabunta manhaja, shi kuma ba ya sabuntawa sai yana kan caji kuma batirin ya kai kashi 50. Ka cika su duka biyun, ka shiga gari.

Malamin firamare, yankin Ringim:
Allah ya saka da alheri. Na bi yadda Hajiya ta Dambatta ta ce. Kalmar sirrin asusun tana rubuce a bangon littafin darasina, Alhamdulillahi, da ita ma ta ɓace da sai dai in bi sahun Alhaji na Maigatari. Jiya bayan an tashi makaranta na hau babur zuwa cikin Ringim, na zauna a shagon wani abokina mai sola, kafin la'asar komai ya dawo. Sabuwar lambar na rubuta ta ƙarƙashin kalmar sirrin, kuma yanzu duk alwala da hannuna nake dannawa don kada ta sake fita daga kaina. Alhaji, in akwai wanda ya ga cinikinku a kasuwar, ka sake tambaya ranar Alhamis, ko Allah zai sa wani ya san baƙon.