Ciwon baki mai kama da cuku a tantabaru

Mai Tantabaru, Birni:
Assalamu alaikum. 'Yan shila suna mutuwa kafin su yi fiffike. Idan an buɗe bakin sai a ga wani abu rawaya manne a maƙogwaro, ga wari, ga yawu. Iyayen kuma lafiya lau. An sa tetrasaikilin a ruwa, ba sauƙi. Wane ciwo ne, kuma daga ina yake shigowa?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Alamun sun fi kama da Trichomonas gallinae. Ƙwayar halitta ce mai rai da ke zama a baki, maƙogwaro da jakar abinci ta wuya. Ba bakteriya ba ce, shi ya sa tetrasaikilin bai taɓa ta ba.

Lafiyar iyayen kada ta ruɗe ka. Manyan tantabaru da yawa na ɗauke da ita ba alama, su ɗura wa 'yan shila tare da nonon da suke amayo musu a kwanakin farko. Don haka a yi wa garken duka magani. Metronidazol, miligiram 50 ga kilo ɗaya na nauyi, kullum har kwana 5. Tantabara mai giram 350 za ta sha wajen miligiram 17. Akwai kuma karnidazol, ƙwaya ɗaya ta miligiram 10 ga babba, rabi ga ɗan shila. A baki za a ba kowace. Wanda ake sawa a ruwan sha yana da haɗari a zafin Afirilu da Mayu: suna shan ruwa fiye da kima, maganin ya yi yawa, su fara tangaɗi. Kada a yanka su don ci a wannan lokaci. Tarayyar Turai ma ta hana ba dabbobin da ake ci irin waɗannan magunguna.

Kada a kankare abin da tsinke, jini zai ɓalle. Idan kuwa busassun ƙuraje ne a fatar ido da gindin baki, wannan wani ciwo ne da sauro ke kawowa.

Ɗan Zango:
Gaskiyar likita. Ni dai kaskon ruwa nake zargi. A Damagaram da rani, ruwan da ka ajiye a tsakar gida shi ne mashayar kurciyoyin unguwa duka. Mai ciwo ba ta iya haɗiya, sai ta mayar da ruwa ko ƙwayar gero haɗe da yawu, ta bayanta ta ɗauka. Ƙwayar cutar na yin sa'o'i a ruwa, amma bushewa na kashe ta da sauri. A samu kasko biyu: ɗaya na aiki, ɗaya an wanke shi da ruwan jabel (bilic) an kife a rana, gobe a musanya. A shigar da shi inda tsuntsun daji ba ya kaiwa. Wadda aka sayo a Kasuwar Dole a ware ta mako 2, da nata kaskon.

Mai Kula da Tsuntsayen Daji:
Abin na tafiya ta ɓangare biyu, Alhaji, namu ma na shafa wa na daji. A Ingila daga 2005 cutar ta afka wa ƙananan tsuntsaye masu cin hatsi ta wuraren da mutane ke zuba musu abinci a lambu, yawansu ya ragu ƙwarai. Shaho kuma na kamuwa idan ya ci tantabara mai ita. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a juji. Cutar ba ta kama mutum, amma a wanke hannu kafin a taɓa wata.