Jama'a a taimaka mini da Hausar cheval rétif, gobe ne shirin

Mai shirin wasanni: Assalamu alaikum ƴan uwa, agaji nike nema na gaggawa. Gobe da hantsi za mu ɗauki shiri a rediyo kan sukuwa, kuma takardar da anka ba ni in fassara duk da Faransanci take. Magana ce kan dokin da a gida lafiya lau yake gudu amma ranar gasa da an kai shi fili ya ga taro ya ji ganguna sai ya kafe ya ƙi yin gaba, wani ma baya-baya zai riƙa yi ko ya juya ya nufi ƙofar da anka shigo da shi. Su cheval rétif suke ce mai, halin kuma rétivité. Sai kuma refus da dérobade na masu tsallaken shinge. Na rubuta "doki mai taurin kai" amma raina bai kwanta ba.

Ɗan barga: Turjiya. Doki ya turje. Mi za a tsaya nema kuma Hajiya

Likitan dabbobi: Na goyi bayan turjiya. Amma don Allah ƙanwata taurin kan nan ki share shi, in kinka faɗe shi a rediyo kamar kin miƙa ma yaran barga bulala ne. Da yawa cikin waɗanda ake kawo mini da sunan taurin kai, da na ɗaga sirdi sai in iske gyambo a gadon baya, gashin wurin ya kwaɓe, in ka ɗora yatsa dokin har lanƙwashewa yake. Wani linzami ne ya yanka mai gefen baki, wani turamen haƙoransa sunka yi kaifi suna cin kunci, wani kofato ne, wani gyambon ciki. In ba ciwo ba to tsoro ne ko ƙin rabuwa da ƴan uwansa, shi ya sa yake jan jiki wajen ƙofa inda sauran dawaki suke. Sannan akwai laifin mahayi, yaro ya tsorata ya ɗaure linzami tamau kuma yana zuba kaimi, hannu na cewa tsaya ƙafa na cewa tafi, to ina dabba za ta nufa? Turjiya abin da ido ya gani kawai ta faɗa, ba ta yanke ma dokin hukunci ba.

Malamin lakwal: Ni ban gamsu ba. Turjiya ta yi faɗi da yawa, jaki na turjewa, akuya in za a kai ta kasuwa na turjewa, yaro ranar farko ta lakwal na turjewa. Keɓaɓɓar kalma muke so ta fannin dawaki. Ina ba da ƙigaba, halin kuma ƙigabanci. Ginin Hausa ne tsantsa kamar ƙi-gudu da ƙi-faɗi.

Ɗan barga: Malam in na shiga barga na ce dokin nan ƙigaba ne wallahi ba mai gane ni

Malamin lakwal: Kowace kalma akwai ranar da anka fara jin ta. Jirgin sama ma wani ne ya fara faɗi.

Wata ɗaliba: Malam a yi haƙuri, gaba ɗin ce matsalar. A rubuce ba a bambanta ta da gaba ta ƙiyayya, kuma akwai ɗaya ma'anar da kowa ya sani, a rediyo manya na saurare da ɗiyansu.

Na Yamai: Ku bar wahal da kanku, ta ce retif kawai ta yi bayani. Mu nan in ana hira da masu dawakin da sunka yi boko haka muke faɗi kuma ana ganewa.

Malamin lakwal: Ka ji irinta ko! Tun 2025 kundin ƙasarmu Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, amma doki ma, DOKI, da kakanninmu sunka yi yaƙi bisa bayansa, sai mun aro sunan halinsa daga Faransa? A Maradi da Tibiri da ke da sarakuna da barga da hawan salla? Abin kunya ne wannan.

Na Yamai: To ai kai ma lakwal ka rubuta a sunanka, kuma linzami da likkafa daga Larabci sunka zo ba wanda ya ji kunya.

Bakano: Mu dai a wajenmu tirjiya muke cewa da i, kuma ina ga tutsu ya fi dacewa. A daidaitacciyar Hausa ya kamata a duba.

Ɗan barga: Daidaitacciya ta wa? Kullum sai a ce sai abin da Kano ta ce. Masu saurare na Madarunfa da Gidan Runji da Tasawa ne, da bakinsu za a yi musu magana

Mai shirin wasanni: Don Allah jama'a a dawo kan doki, dare na yi.

Baba mai dawaki: Ɗiyata saurara. Tutsu daban, shi ne doki shi riƙa tsalle-tsalle shina son kada mahayi. Tabarya shi miƙe bisa ƙahwahun baya. Harbi kin san shi. Wanda kika kwatanta turjiya ce, haka munka ji ga iyayenmu, kuma in anka matsa mishi da bugu ita ka komawa tabarya, nan ne ake karya yara. Abin da muke yi, a sassauta linzami, a karkato kansa gehe guda shi zagaya, da ya ɗaga ƙahwa ɗaya gaba a sake mishi nan take a shahwa wuyansa. Ko a sa tsohon doki natsattse gabansa shi bi. Kuma kahin ranar sukuwa a riƙa kai shi hilin kilisa kawai, shi ga mutane shi ji kiɗi shi koma gida ba a tsananta mishi ba. Ki hwaɗi wannan a rediyon, ya hi sunan amfani.

Likitan dabbobi: Allah ya ƙara girma Baba. Ƙanwata ga na shingen kuma, don kada ki haɗe su. Refus doki ya zo gaban shinge ya ci birki. Dérobade ya zille ta gefe bai tsallaka ba. A dokar FEI, wato hukumar wasannin dawaki ta duniya, karon farko da doki ya yi ɗaya daga cikinsu tarar maki 4 ce, karo na biyu an fitar da kai, kuma dokin da ya yi daƙiƙa 45 a jere yana turjiya shi ma an fitar. In kina son misali ga na wasannin Olamfik na Tokiyo da anka yi a 2021, a wani wasa mai fanni biyar da ya haɗa da hawan doki, wani doki Saint Boy ya turje ma ƴar wasan Jamus tana kuka tana bugunsa, mai horar da ita ta kai ma dokin naushi anka kori mai horarwar daga wasannin, daga baya ma hukumar wannan wasa mai fanni biyar ta yanke cire hawan doki bayan Faris 2024.

Mai shirin wasanni: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: cheval rétif doki mai turjiya, rétivité turjiya, refus ƙin tsallake. Dérobade ce ta rage, zillewa ko baudewa?

Ɗan barga: Baudewa

Wata ɗaliba: Ni zillewa ta fi mini, baudewa kamar hanya ya saki gaba ɗaya

Malamin lakwal: Tunda Baba ya yi magana na bi, na gobe dai. Amma har yanzu ina nan kan cewa in za a rubuta littafin koyarwa turjiya ba za ta isa ba, kuma ƙin tsallaken da kunka karɓa ai ginin ƙigaba ne.

Mai shirin wasanni: Na ji Malam. Dérobade zan faɗi duka biyun in bar masu bugo waya su zaɓa. Likita in Allah ya kai mu ko za ka samu shigowa ta waya wajen ƙarfe 10 ka yi bayanin gyambon sirdin da bakinka?

Likitan dabbobi: In sha Allah, amma ki kira kafin 10 da rabi, bayan nan ina da fita.