Shawarwarin masu koyar da badminton a Jidda

Wasu Hausawan Jidda masu koyar da yara badminton, wato wasan buga ƙwallon gashi ta saman raga da abin bugu da ake kira raket, sun zauna bayan sallar isha'i, ga abin da suka tsayar.

Ƙafa ce gaba da hannu. Filin mita 13.4 ne a tsawo, yaron da bai saba komawa tsakiya bayan kowane bugu ba zai gaji tun kafin a kai maki 11. Shi ya sa suka ce a riƙa sa shi zagaya kusurwoyi ba tare da ƙwallo ba, raket a hannu, har ƙafar ta haddace hanya.

Riƙon raket kuwa sassauƙa, kamar ana gaisawa. Sai lokacin bugu a matse yatsu.

An fi jan magana kan fushi. Wani dattijo ya ce yaro in ya zubar da maki uku a jere sai ya fara dukan raga. Maganinsa ya ja numfashi kafin ya saki ƙwallo, koci kuma ya faɗa masa gyara ɗaya tak a hutun sakan 60 na tsakiyar wasa, kada ya cika shi da surutu. Ni ma nan na fi gamsuwa.

Sun kuma ja kunne kan iskar na'urar sanyaya ɗaki, domin tana karkatar da ƙwallon gashin: a gwada ɓangarorin filin biyu kafin a fara.