Tagogin fulogin suna rufe min miksa lokacin miksin, yaya kuke sarrafa su?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum, manyanmu a harkar sauti. Ina aiki da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, a laftof mai inci 15.6, girman fuskarta 1366 x 768. Waƙa ɗaya takan ci tirak 25 zuwa 30: babbar murya, amshi huɗu ko shida, kiɗan fiyano, bes, kalangu da sauran ganguna. Kowace murya tana da fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti: EQ mai rage ko ƙara kauri da kaifi, kwamfuresa mai daidaita ƙarfi, Auto-Tune mai gyara hawan murya da ribab mai sa amsa-kuwwa. Kafin a kai tsakiyar aiki tagogi sun hau kan juna, miksa ta ɓace a ƙarƙashinsu, kuma EQ ɗin duk kamarsu ɗaya, ba a gane na wace murya ake murɗawa. Akwai saitin da zai sa in na buɗe ɗaya sauran su rufe? Kuma rufe tagogin yana rage wa kwamfuta nauyi, ko sai na sayi sikirin na biyu?

Injiniyan_Sauti:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da maɓallai, su ne mafi saurin magani. Alt+F12 yana rufe tagogin fulogin kaɗai, ya bar maka miksa da Playlist yadda suke. F12 shi kaɗai kuwa komai yake rufewa, sai ka danna F9 miksa ta dawo, F5 kuma Playlist. Ctrl+F12 yana rufe duk tagogin ban da wadda kake kanta. A laftof da yawa layin F1 zuwa F12 an ba shi aikin ƙara haske da ƙarar sauti, don haka sai ka haɗa da Fn, ko ka kunna Fn Lock sau ɗaya ka huta. Ka mayar da Alt+F12 ɗabi'a: da zarar ka gama da tirak, ka share fuska kafin ka koma na gaba.

Amma abin da ya fi cunkoso haɗari shi ne wanda ka ambata a ƙarshe, wato gyaran da ke sauka a tirak ɗin da ba shi ake nufi ba. Mutum yana sauraren babbar murya, yana rage 300 Hz, bai ji canji ba, sai ya ƙara ragewa har 6 dB, alhali EQ ɗin amshi ne a gabansa. Muryar da yake nufi tana nan da nauyinta, amshi kuma ya rame, kuma ba zai gane ba sai an saurari waƙar gaba ɗaya. FL Studio yana rubuta sunan tirak a saman tagar kowane ifekt, kusa da sunan fulogin ɗin. In ba ka raɗa wa tirak suna ba, abin da za ka gani shi ne Insert 7 da Insert 11, wanda ba ya gaya maka komai. Saboda haka kafin ka ɗora ko da ifekt ɗaya, zaɓi kowane tirak ka danna F2, ka sa suna gajere da launi: muryoyi ja, amshi ruwan lemo, ganguna kore, yadda dai ka ga dama, muddin ba za ka riƙa canzawa daga waƙa zuwa waƙa ba. Idan kana shakka, kashe ɗan maɓallin da ke gefen ramin ifekt ɗin a miksa na daƙiƙa biyu. In sautin da kake saurare bai canza ba, ba tagarsa ba ce.

Game da saitin da ka tambaya, shiga Options, sannan General settings, ka duba Auto select linked modules. In yana kunne, taɓa tagar fulogin yakan sa miksa ta koma kan tirak ɗinsa, kuma buɗe kayan kiɗa daga Channel Rack yana rufe wanda ya gabace shi sai in ka riƙe Alt. Ifekt na miksa kuwa kai za ka riƙa rufe tagoginsu da hannunka. Sannan canza shimfiɗar miksa zuwa Extra large, za ka ga jerin ifekt na kowane tirak a jikinsa ba tare da ka zaɓe shi ba, sai dai a fuska mai 1366 tirak kaɗan ne za su fito a lokaci guda.

Mai_Miksin:

Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma ni a ganina tushen matsalar yawan fulogin ne, ba yawan tagogi ba. Amshi shida, kowanne da ribab nasa, tagogi shida ke nan na aiki ɗaya. Ware tirak guda ya zama bas, wato tirak da ke tattara sautin wasu tirak, ka kira shi Amshi Bas, ka zaɓi kowane amshi, ka danna dama a kan kibiyar da ke ƙasan wannan tirak, ka zaɓi Route to this track only. EQ ɗaya da kwamfuresa ɗaya a kan bas ɗin sun wadatar wa dukkansu. Ribab kuma ka ajiye shi a tirak nasa, ka sauke Dry, wato asalin sautin da ribab bai taɓa ba, ƙasa gaba ɗaya, ka riƙa tura masa kowace murya gwargwadon buƙata da ɗan makunnin da ke fitowa a ƙasan tirak. Daga nan yawan ribab ɗin kowace murya a miksa kake juya shi, ba sai ka buɗe taga ba. Auto-Tune ne kawai dole ya zauna a kan kowace murya daban, domin murya ɗaya yake iya bi a lokaci guda. In ka ɗora shi a bas mai muryoyi shida masu hawa daban-daban zai rikice.

Ga ƙananan gyare-gyare, akwai EQ mai hannu uku a ƙasan ramukan ifekt goma na kowane tirak. Rage kaifi kaɗan ko ƙara ƙasa kaɗan ba ya buƙatar sabon fulogin, sai dai ka tuna bayan ifekt ɗin yake aiki, ba zai canza abin da kwamfuresa ke ji ba.

Taga biyu a lokaci guda tana da wurinta: lokacin da bes da ganga ke rigima a tsakanin 60 da 120 Hz, ko fiyano ke danne murya wajen 2 zuwa 4 kHz, kana buƙatar EQ ɗin biyun gefe da gefe. FabFilter Pro-Q 3 yana iya nuna maka sautin wani tirak a cikin tagar da kake, Pro-Q 4 kuma har gyara sauran za ka iya daga taga ɗaya.

Sabon_Hannu:

Na gode, Allah ya ƙara basira. Saura batun nauyi, Oga. In na rufe tagogin, kakkaryewar sauti za ta daina?

Injiniyan_Sauti:

Kaɗan za ta ragu, ba duka ba. Taga fuska ce kawai, fulogin yana ci gaba da sarrafa sauti ko a buɗe ko a rufe. Abin da rufewa ke ragewa shi ne aikin zane, kuma masu motsi ba tsayawa irin su Wave Candy, SPAN da EQ masu nuna sauti yana rawa su suka fi cin wannan, musamman a laftof marar katin hoto na daban. Ainihin maganin kakkaryewa a Audio settings yake: lokacin miksin ɗaga bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 512 ko 1024, tunda ba ɗaukar murya kake ba, jinkirin ba zai dame ka ba. A 44.1 kHz, 1024 kusan milisakan 23 ne, shi ya sa dole ka mayar da shi 128 ko 256 in mawaƙi zai shiga. Akwai kuma Tools, Macros, Switch smart disable for all plugins, wanda ke kwantar da fulogin in babu sautin da ke shiga cikinsa. Ka saurari ƙarshen baituka bayan ka kunna shi, domin wani lokaci yana datse wutsiyar dogon ribab ko dile (mai maimaita sauti). In ka ji haka, cire Smart disable a kan wannan fulogin kaɗai.

Sikirin na biyu yana da amfani, amma sai ka zaɓi Detached a menu na tagar kafin ta yarda ta fita daga cikin FL Studio, ko Detach all plugins a General settings. Ka ba shi abubuwan da ba sa canzawa: Playlist da mita ɗaya ta Master, kamar Youlean Loudness Meter. Kada ka kafa sikirin ɗin a gaban sipika, zai tare sauti ya kuma dawo da shi. In ka cire wayarsa tagogi suka maƙale a inda ba ka gani, Ctrl+Shift+H yana mayar da shimfiɗar asali, Win+Shift da kibiya kuma yana jawo taga daga wancan sikirin zuwa wannan.

Kunnen_Sitidiyo:

Ga masu karatu da ke kan wasu manhajoji, abin da Sabon Hannu ke nema a shirye yake. A Ableton Live, ƙarƙashin Plug-Ins a saiti, kunna Auto-Hide Plug-In Windows: tagogin tirak ɗin da ka zaɓa ne kaɗai za su bayyana, Ctrl+Alt+P kuma yana ɓoye su ya dawo da su. A Pro Tools taga mai jan maɓallin Target ita ake maye gurbinta duk lokacin da ka buɗe wani fulogin. Kashe jan, sai ta zauna daram, ko ka riƙe Shift wajen buɗe ta biyu. Logic Pro yana da maɓallin Link a saman taga, harafin V kuma yana ɓoye dukkansu. REAPER yana da Only allow one FX chain window open at a time a Preferences.

Abu ɗaya da ke rikita mutane a kusan dukkansu: ka danna Space waƙa ta ƙi tashi. Yawanci tagar fulogin ce ta riƙe kibod, musamman bayan ka rubuta lamba a cikinta. Danna Enter ka kammala rubutun, ko ka taɓa miksa sau ɗaya. A REAPER ka tabbata Send all keyboard input to plug-in ba ya kunne a wannan fulogin.

Shawarata kuma, in za ka yanke hukunci a kan murya, ɓoye tagogin ka saurari baiti guda cikakke tare da amshi. Ido yana ganin rami mai zurfi a EQ sai hannu ya so cike shi, ko da kunne bai yi ƙorafi ba. Kuma ka daidaita ƙarfin fitar fulogin da na shigarsa kafin ka kwatanta kunna shi da kashe shi, domin ƙarin 1 dB kawai ya isa ya sa ka ɗauka gyaran ya yi kyau.