Na gaji da ba yarana maganin tsutsar ciki, sati shida sai ta dawo

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. Yarana uku, babban shekara 7, ta tsakiya 5, auta 2 da rabi. Bana sau uku kenan ina basu maganin tsutsar ciki, duk sanda suka sha sai su ɗan murmure kamar sati shida abu ya dawo sabo. Babban cikinsa kumbura yake, ga zawo ga gyatsa mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ta tsakiyar kuma da daddare bata iya bacci sai susar gindi, shekaranjiya auta ya yi kashi a fo na ga tsutsa doguwa kamar tana wai har motsi take, wlh jikina sai da ya mutu. Kuma fa ruwan sha ina tace shi da ƙyalle in ɗiga kulorin. Ko maganin ne jabu?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba yara lafiya. Ni bana zargin maganin, tunda kin ce suna samun sauƙi in sun sha. Magungunan tsutsa irin su albendazole da mebendazole abin da suka tarar a ciki suke kashewa, basa tare ƙwan da yaro zai haɗiye gobe. Kuma yadda kika kwatanta kamar abu uku ne daban kike fama da su ba ɗaya ba. Doguwar da kika gani a fo, macenta ɗaya tana iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, ƙwan ya fita da kashi ya kwanta a ƙasa, cikin 'yan makonni ya nuna, kuma yana iya shekaru a ƙasar bai mutu ba, yaro ya yi wasa ya sa hannu a baki shikenan an koma gidan jiya. Mai susar dare kuwa 'yar ƙaramar tsutsa ce kamar zare, da dare take fitowa ta yi ƙwai a bakin dubura, yarinya ta sosa ƙwan ya maƙale a farce da zanin gado. Ita wannan duk gidan ake ba magani rana ɗaya, har ke da maigida, a maimaita bayan sati 2, a yanke farce, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi. Na babban ne ya fi damuna, gyatsa mai wari da kumburi da zawo sun fi kama da jiyardiya, ita ba tsutsa bace ma, ido baya ganinta, kuma ƙwaya ɗayar nan da ake ba yara ba lallai ta kore ta ba. Ki kai kashinsa gwaji, in an ce ba a ga komai ba ki sake kaiwa wata rana, wani lokaci sai an yi sau uku take bayyana. Kafin nan ORS, ruwan gishiri da sukari na masu zawo, kar ya yanke.

Wani malamin kimiyya: Hajiya ki yi haƙuri, tacewa da ƙyallen nan datti kawai take cirewa, ƙwayoyin nan sun fi ramin zaren ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kulorin kuma yana kashe bakteriya sosai in an bar shi minti 30, amma akwai masu sulke da baya iya musu, babbarsu kiriftosforidiyum. A 1993 ita ce ta shiga ruwan famfon birnin Milwaukee a Amurka ta kwantar da mutane kusan 400,000, ruwan da aka riga aka sa wa magani fa. Tafasawa ce bata da abokin gardama, ruwa ya tafasa sosai yana ɓulɓula minti 1 cikakke, ba wai ya fara tururi a sauke ba. In mai laka ne a bari ya kwanta tukuna a tsiyaye.

Wata uwa: Ni dai ganyen da ake ci ɗanye da ruwan gishiri nake wankewa, ban taɓa ganin matsala ba.

Malamin kimiyya: Allah ne ya kiyaye Hajiya, gishiri baya kashe ƙwan tsutsa. Abin da ke aiki shi ne cuɗawa ganye ɗaiɗai ana zuba ruwa mai tsafta yana wucewa, don ƙwan manne yake, ba a jiƙa a roba a tsame ba. Ga yaran da ke fama yanzu ni da na ce a dafa ganyen kawai, 'ya'yan itace a ɓare. Nama ma ya dahu har tsakiya kar a ga ja, ta nan tsila ke shiga.

Wani dattijo: 'Yata ina tambaya, rijiya kuke sha? In eh, auna tsakaninta da masai, masana na cewa kar ya gaza mita 30. Sannan kashin autan nan ina kike zubarwa? Mutane na raina kashin yaro alhali shi ya fi ɗauke da ƙwan. A masai za a juye, a wanke fo nesa da inda ake wanke-wanke, ke kuma ki wanke hannu da sabulu. Kuma a sa musu takalmi, akwai wadda ta tafin ƙafa take shiga.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode kowa da kowa. Wallahi kun sa na zauna na yi ta kallon gidan nan yau. Fon auta a gefen inda nake wanke kwanuka nake ɗauraye shi, ruwan na bin ƙasa daidai inda suke wasa. Sannan bokitin ruwan sha, kofi ɗaya ne kowa ke tsomawa, ɗazu ina gani ta tsakiyar ta fito daga bayi ta zura hannu har wuyan hannu ta ɗebo. Gobe in sha Allah zan kai kashin babban gwaji. Anti nas, ni kuma ina da ƙaramin ciki wata biyu, zan iya shan maganin tare da su?

Ma'aikaciyar jinya: A'a 'yar uwa kar ki sha, ba a bada shi a wata ukun farko, ki faɗa wa likita gobe in kin je. Ruwan kuma in kin tafasa ki juye a jarka mai murfi da ƙaramin baki, a riƙa tsiyayawa, hannu ya daina shiga.